Situdiyo: ɗakin wa ke nan, kuma yaya za mu kira shi da Hausa?

Malama_Mai_Fassara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. An kawo mini wani ɗan littafi na koyar da matasa sana'a domin in mayar da shi Hausa, sai na tarar kalmar situdiyo ta fito a babi huɗu, kuma a kowane babi abin da take nufi dabam ne. A babi na farko ɗakin da mai gabatar da shiri ke zama ne a gidan rediyo, a na biyu shagon mai ɗaukar hoto, a na uku wurin da mawaƙi ke naɗar murya, a na huɗu kuwa ɗakin da mai zane ke aikinsa. Tambayata ita ce, shin in bar kalmar yadda take a ko'ina tunda kunnen mutane ya saba da ita, ko kuwa in nema wa kowane wuri sunansa na Hausa? Idan kuma barin ta zan yi, wanne ne daidai a rubuce, situdiyo ko sutudiyo?

Dattijon_Rediyo:
Wa alaikumus salam Malama. Na yi shekaru masu yawa ina aikin rediyo a Kaduna kafin in ajiye, kuma abin da na tarar magabatanmu suna yi, waɗanda wasunsu suka fara aiki tun lokacin da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, shi ne suna da harshe biyu. A tsakaninmu ma'aikata muna cewa situdiyo, amma da zarar an buɗe makirufo muna magana da mai sauraro, sai mu ce ɗakin watsa shirye-shirye. Ba mu taɓa jin cewa ɗaya ya kori ɗaya ba. Sai dai ina so ki lura da wani bambanci da matasa ke yawan ruɗewa a kansa: gidan rediyo dabam, situdiyo dabam. Gidan rediyo ya ƙunshi ɗakin labarai da ofisoshi da ma'adanar faya-fayai da na'urar da ke cilla shiri sararin samaniya, wadda sau da yawa ma ba a harabar gidan take ba. Situdiyo ɗaki ne kawai a cikin gidan, kuma iri biyu ne, akwai wanda ake magana kai tsaye daga cikinsa, akwai wanda ake ɗaukar shiri a ajiye sai lokacinsa ya yi. A bakin ƙofar kowanne akwai jar fitila, idan ta kama, ko shugaban gidan ne ya zo sai ya tsaya a waje.

Almajirin_Harshe:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in ɗan taɓa asalin kalmar, domin shi zai nuna mana dalilin da ya sa ta bazu haka. Turawan Ingila ma aro ta suka yi daga Italiyanci a farkon ƙarni na 19, su kuma Italiyawa sun gaje ta daga kalmar Latin studium, wadda ke nufin himma da ƙwazo da duƙufa a kan nazari. Tushenta ɗaya da kalmomin Ingilishi na ɗalibi da karatu, wato student da study. Da farko ɗakin mai zane da mai sassaƙa take nufi, da ɗaukar hoto ta zo sai masu hoto suka ɗauka, daga nan masu fim, sannan masu rediyo da masu naɗar sauti. A Italiya har yau ofishin lauya da ɗakin da likita ke ganin marasa lafiya situdiyo ake ce musu. Saboda haka tarin ma'anonin da Malama ta gani ba mu ne muka ɗora mata su ba, da kayanta ta iso mana.

Game da rubutu kuwa, Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakaninsu. Idan muka duba kalmomin aro da suka riga ta shigowa, za mu ga inda baƙi na biyu t ne an fi cusa i, kamar sito da sitiyari da sitati, inda kuwa baƙi na biyu f ne ko k, an fi jin u, kamar sufana da sukudireba. A kan wannan ma'auni situdiyo ya fi dacewa. Masu cewa sutudiyo kuma ba su yi laifi ba, wasalin u da ke gaba ne ya janyo na bayansa.

BaKatsinen_Legas:
Ni dai sutudiyo na tashi ina ji, kuma shi bakina ya saba da shi. Amma hujjar sito da sitiyari ta shige ni.

Mai_Hoto_Fagge:
Malama, a babinki na biyu ina ba ki shawara kada ki wahalar da kanki. Mahaifina mai hoto ne, ni ma sana'ar na gada, kuma duk tsawon zamana a shagonsa ban taɓa jin wata tsohuwa ta ce za ta je situdiyo ba, cewa take za ta je wurin mai hoto, ko gidan hoto. Mu ne masu sana'ar muke rubuta situdiyo a allon da ke bakin ƙofa. A wurinmu kuma kalmar ba dukan shagon take nufi ba, ɓangaren da aka rataya labule aka kafa fitilu take nufi, wato inda mutum ke tsayawa a ɗauke shi. Can ciki akwai ɗakin wanke hoto mai duhu, wanda shi ba a taɓa ce masa situdiyo ba. Ina tuna ranar Sallah layi har bakin titi, yara da sababbin kaya, kowa yana zaɓen labulen da yake so a bayansa, wani mai zanen jirgin sama, wani mai zanen bene da furanni. Wannan al'ada ba tamu kaɗai ba ce. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe nasa wurin a 1948, kuma hotunan da ya ɗauka na mutanen gari a gaban zannuwa masu ado yau ana baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka.

'Yar_Maradi:
Ina gaida kowa da kowa. Ina so in ƙara ma'ana ta biyar wadda littafin Malama bai kawo ba. A wajenmu, saboda Faransanci, idan ka ji mai gidan haya a Yamai ya ce yana da situdiyo, to ba rediyo yake nufi ba, ƙaramin masauki yake nufi na mutum ɗaya, ɗaki guda da makewayi da ɗan wurin girki. Wata ƙawata daga Kano ta taɓa zuwa, ta ji ɗan uwana yana cewa ya kama situdiyo kusa da jami'a, sai ta tambaye shi wace irin waƙa yake yi, alhali ɗalibin lissafi ne. Sannan Faransanci yana da wata kalma dabam, atelier, ita ce ta ɗakin mai zane da tela da kafinta, shi ya sa a wajenmu ba a cika kiran wurin mai zane situdiyo ba. A ɓangaren yaɗa labarai kuwa muna da Studio Kalangou a Yamai, wanda ya fara aiki a 2016, yana shirya labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, gidajen rediyon ƙasar suna karɓa suna watsawa. Ku lura da sunan: a nan situdiyo ya tashi daga ɗaki ya koma sunan ma'aikata sukutum.

Injiniyan_Sauti:
Ina da ja a kan yadda muke sakin kalmar nan ga kowane ɗaki. A fannin sauti, abin da ke mayar da ɗaki situdiyo ba kayan da aka zuba a ciki ba ne, yadda aka gina shi ne. Aiki biyu ake yi wa ɗakin, kuma mutane suna haɗa su wuri ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne hana ƙarar waje shigowa, wannan kuwa sai da bango mai kauri da nauyi, da ƙofa mai rufuwa ruf, da gilashi ninki biyu tsakanin mai magana da mai kula da na'ura. Na biyu shi ne hana murya bugun bango ta dawo cikin makirufo, wannan shi ne aikin soso da labule mai nauyi da kafet. Soso ba ya tare ƙarar janareta ko ta babur ɗin da ke wucewa, ko da an lulluɓe bangon da shi gaba ɗaya. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa kuwa, amfaninsa bai taka kara ya karya ba. An taɓa kirana wani wuri in duba dalilin da ya sa duk abin da suka naɗa yake fitowa da gurnani a ƙasa, da na je sai na tarar janaretan yana jingine da bangon ɗakin, girgizarsa tana bin siminti tana shiga. Sun kashe kuɗi mai yawa a kan makirufo, abin da suke bukata kuwa shi ne su matsar da inji taku goma.

Ɗan_Zoo_Road:
Injiniya, da girmamawa, idan aka bi ma'auninka to rabin wuraren da waƙoƙin finafinan Hausa suka fito daga cikinsu ba su cancanci sunan ba, alhali kuwa da su aka gina masana'antar. Ɗaki ne ƙarami a saman bene, da fiyano da kwamfuta da wani ɗan akurki da aka keɓe da katako inda mawaƙi ke shiga, a kashe fanka saboda ƙararta, mutum ya fito jiƙe sharkaf da gumi. Amma abin da nake so Malama ta lura da shi shi ne, a bakinmu kalmar ta wuce sunan wuri. Idan aka ce wane ya shiga situdiyo, ana nufin ya fara aikin sabuwar waƙa. Idan aka ce kuɗin situdiyo, ana nufin ladan mai kiɗa da mai haɗa sauti. Idan kuma aka ce waƙar situdiyo, ana bambanta ta ne da irin ta su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ake yi a fili da kalangu da 'yan amshi a gaban jama'a. Idan kika fassara kalmar da ɗakin naɗar murya, ma'anar farko kawai kika kama, sauran sun zube.

Dattijon_Rediyo:
Ɗana na Zoo Road ya faɗi gaskiya a kan yadda ake amfani da kalmar, amma ina da ɗan gyara. Su ma makaɗan gargajiya sun shiga situdiyo, domin da yawa daga cikin waƙoƙinsu da kuke ji yau a waya, a gidajen rediyo aka naɗe su. Na sha ganin an shigo da makaɗi da jama'arsa su goma ko fiye, a shimfiɗa musu tabarma, a kafa makirufo biyu ko uku, a matsar da masu ganga can baya don kada su danne muryar mai waƙa. Bambancin shi ne su tare suke yi gaba ɗaya, idan mutum ɗaya ya kuskure sai a koma farko, ku kuwa kiɗa dabam, murya dabam, amshi dabam, sannan a haɗa. Don haka abin da kuke kira waƙar situdiyo, a gaskiya waƙar fiyano ce.

Bazazzagi_Mai_Zane:
An yi ta magana a kan sauti an bar mu a baya, alhali kamar yadda Almajirin_Harshe ya nuna, mu ne masu kalmar na asali. A sashen koyar da zane da sassaƙa na Zariya, wanda ya samo asali tun zamanin kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, inda su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, situdiyo wuri ne kuma darasi ne. Ɗalibi zai ce yau yana da situdiyo, ma'ana yana da darasin aikin hannu, ba na zama a saurari malami ba. Abin da mai sauti yake nema a ɗakinsa shi ne shiru, mu kuwa haske muke nema. Shi ya sa masu zane a Turai suke son tagar da ke fuskantar arewa, domin rana ba ta faɗowa ta cikinta kai tsaye, hasken ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa yamma, launi ba ya yaudarar ido. A babinki na huɗu, Malama, ɗakin zane ya wadatar, kowa zai gane.

Malam_Na_Ƙofar_Mata:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke neman aro alhali Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa wurin sana'a suna tun kafin zuwan Bature. Wurin ƙira maƙera, wurin rini marina, wurin jima majema, wurin saƙa masaƙa, wurin fawa mahauta, wurin karatu makaranta. Marinar Ƙofar Mata tana nan a Kano ana aiki a cikinta har yau, ba wanda ya taɓa bukatar wata kalma ta waje domin ya kira ta. Me zai hana mu bi wannan ƙa'ida mu ce manaɗa ga wurin naɗar sauti, mu ce mazana ga wurin zane? Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka fara faɗinta.

Hajiya_Mai_Nazari:
Allah ya gafarta Malam, ƙa'idar da ka kawo daidai ce, amma ka dubi abin da za ta haifar a rubuce. Tunda ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutunmu na yau da kullum, ranar da wata mai zane ta rubuta cewa ta kwana a mazana, ko ta ce tana alfahari da mazana, mai karatu zai ɗauka maza take nufi, kuma nata. Manaɗa kuma Bahaushe zai fara kai hankalinsa fada ne, wurin naɗin sarauta. Ba na ƙin ƙirƙira, amma kalmomin da ka lissafa sun zauna ne domin masu sana'ar da kansu suka raɗa su, ba wani ya zauna a gefe ya yanka musu ba.

Malam_Na_Ƙofar_Mata:
Hajiya, na karɓi gyara a kan mazana, wannan kam ta faɗi. Manaɗa dai ban janye ta ba, domin naɗar sauti ma daga naɗe zaren kaset aka samo ta, kuma ba wanda ya ruɗe da ita.

Mai_Kallon_Fim:
Ina so in koma kan abin da 'Yar_Maradi ta faɗa na cewa kalmar takan tashi daga ɗaki ta koma sunan ma'aikata, domin a harkar fim wannan ita ce ma'anar da ta fi ƙarfi. Wurin ɗaukar fim na farko da aka gina domin wannan aiki a Amurka shi ne na Thomas Edison a jihar New Jersey a 1893, ɗan ƙaramin gini ne da aka lulluɓe da baƙar takarda mai kwalta, rufinsa yana buɗewa, kuma ana juya ginin gaba ɗaya domin ya bi rana. Cikin shekaru talatin kalmar ta koma nufin manyan kamfanoni irin su Universal da aka kafa a 1912 da Warner Bros. a 1923, masu filaye da ma'aikata da 'yan wasa da ke ƙarƙashin kwantiraginsu. Idan labari ya ce situdiyo ya ƙi amincewa da wani fim, ba ɗaki ne ya ƙi ba, shugabannin kamfani ne. Na sha jin an fassara irin wannan jimla da ɗakin ɗaukar fim, sai maganar ta fito ba kai ba gindi. A irin wannan wuri kamfanin shirya finafinai ya kamata a ce.

BaKatsinen_Legas:
To ni kuma ina da ƙorafi. Yanzu mai kwalliyar amare situdiyo, tela situdiyo, mai aski situdiyo, har mai lalle. Ina ganin wannan neman suna ne kawai domin a ƙara kuɗi.

Uwar_Gida_Mai_Kwalliya:
Yayana BaKatsine, ni ina cikin waɗanda kake nufi, kuma zan faɗa maka dalilina. Lokacin da nake cewa shago, mutane suna zuwa suna tambayar hoda da jan baki na sayarwa, domin a kunnen Bahaushe shago wurin saye da sayarwa ne. Ni kuwa ba na sayar da komai, aiki nake yi da hannuna a kan fuskar mutum, da fitilu da madubi, kuma a nan ake ɗaukar amarya hoto idan an gama. Idan asalin kalmar ɗakin mai zane ne kamar yadda malamai suka bayyana a sama, to ban ga inda na yi nisa da asalin ba. Kuɗin kuwa, kayan aikin ne suka yi tsada, ba sunan ba.

Injiniyan_Sauti:
Hajiya mai kwalliya ta fi ni hujja a nata ɓangaren, domin ni a kan sauti kawai nake magana. Amma ina nan a kan bakana cewa a littafin koyar da sana'a, ya kamata a gaya wa yaro abin da ɗakin naɗar sauti yake bukata kafin ya ɗauki kuɗin mahaifinsa ya zuba a soso.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. A nan ma situdiyo muke cewa, kuma masu gabatar da shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Kumasi da Ankara sukan ce baƙonmu yana tare da mu a situdiyo. Amma tun ina yaro nake jin sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, ya daɗe yana watsa shiri daga Bush House a Landan kafin su tashi daga ginin a 2012, kuma da irin waɗannan tashoshi ne kunnena ya saba da jin ɗakin watsa shirye-shirye. Idan na ji ta, sai in ji an yi Hausa mai nauyi. Ina ganin maganar Dattijon_Rediyo ta farko ita ce mafita, wato a riƙe duka biyun.

Malama_Mai_Fassara:
Na gode ƙwarai da wannan ilimi. Ga inda na tsaya a yanzu. A babin rediyo zan rubuta ɗakin watsa shirye-shirye, in ambaci situdiyo sau ɗaya a farko domin yaro ya san abin da zai ji ana faɗa idan ya je neman aiki. A babin hoto zan bi Mai_Hoto_Fagge in ce gidan hoto, a babin zane kuma ɗakin zane. Babin waƙa ne ya rage mini, domin hujjar Ɗan_Zoo_Road ta hana ni sakat: shiga situdiyo da kuɗin situdiyo ba su da madadin da zai zauna daidai a bakin masu sana'ar. Wataƙila a can in bar kalmar yadda take. Sai kuma jam'i, domin akwai jimlar da ke maganar irin waɗannan wurare da yawa a gari ɗaya.

Almajirin_Harshe:
Malama, kalmomin aro sun fi karkata ga jam'i irin na motoci da teburori da rediyoyi, saboda haka situdiyoyi ba ta saɓa ƙa'ida ba, ko da yake tana da nauyi a harshe.

Ɗan_Zoo_Road:
A wajenmu situdiyo-situdiyo muke cewa, ko mu ce masu situdiyo idan mutanen muke nufi. Situdiyoyi kam ban taɓa jin ta a bakin kowa ba a Zoo Road.

Malam_Na_Ƙofar_Mata:
Da kun karɓi manaɗa, da jam'inta bai ba ku wahala ba, manaɗu, kamar yadda ake cewa makarantu da ma'aikatu. Malama, ko a ƙasan shafi ne ki saka ta, mu ga ko wani yaro zai ɗauka.